Gishiri a Kan Gadar Royce

Ranar da gadar ta kayar da ni, sanye nake da baƙin kwat ɗina na aiki da takalmi mai santsin tafi, wanda ya sha gogewa har mutum na iya duba haƙoransa a jiki. Motar gawa nake tuƙawa, garejinmu kuwa yana tsallaken babban titi, a Belmore, don haka kullum sai na haye da safe na dawo da yamma. Na ci tsawon gadar lafiya, ina taka ƙanƙara a hankali kamar mai satar shiga coci bayan an fara wa'azi. Ina kama gangaren matakalar ɓangarenmu, sai ƙafar dama ta yanke hulɗa da ni. Sauran matakalun da mazaunai na sauko su, kowace sai da na gaishe ta, har ƙasa. Wandon ya ɓarke daga ƙugu zuwa gwiwa, duk masu jiran bas suka ga jan gajeren wandon da matata ta saya mini, wanda na rantse mata ba zan taɓa sawa ba.

Wata mai aikin shara a asibiti ta leƙo ni ina kwance ta ce, "Royce ya sake kayar da wani."

Wani daga baya ya ce, "Purvis, kira motarku ta zo ta kwashe ka mana, ai kai kyauta ne."

Aka yi dariya, ni ma na taya, tunda ba ni da abin rufe kunya sai haƙora. Mutum ɗaya ce ba ta dara ba. Tana tsaye a gefen rumfar jiran bas da ledar cefane a hannu, hular ulu har kan gira. Ba ni take kallo ba, matakalar take kallo. Verlene Tubbs ke nan, matar Royce ɗin da aka ambata. Daga nan labarin ya fita hannuna, nata ne.

An haifi Verlene a wani ƙauyen Alabama inda dusar ƙanƙara sai dai a hoton littafin makaranta. Tana 'yar shekara tara uwarta ta ɗauko ta a jirgin ƙasa suka yo arewa, da soyayyiyar kaza a kwalin takalmi, domin a hanya babu mai sayar wa irinsu abinci. Suka sauka a Tanner, unguwar da baƙar fata ke samun haya. A gaban idonta aka zo da manyan motoci aka rushe layuka biyu na unguwar, har da shagon ɗinkin da uwarta ke aiki, aka shimfiɗa babban titi a kai. Da aka gama, Tanner ta tsaya a gefe guda, asibiti da kantuna da duk wani aikin yi suka koma ɗaya gefen, wajen fararen fata na Belmore. Sai aka ɗora wata siririyar gada a sama, ƙarfe da siminti, mai matakala a kowane baki, don masu wanki da masu shara su je aiki su dawo. Ba ta da suna a lokacin. Gada ake ce mata, tunda babu wata.

Verlene ta girma ta kama aikin girki a makarantar firamare. Duk wanda ya tashi a Tanner ya san ludayinta, ya kuma san idonta, wanda ke iya sa yaro ya mayar da burodi na biyu da ya riga ya shiga aljihu. Ni ma na mayar. A ɗakin girkin nan ta haɗu da Royce Tubbs, mai gyaran injin ɗumama gidaje. Ya fito daga ɗakin ƙasa duk jikinsa baƙin mai, ya miƙa hannu zai ɗauki burodin masara a faranti.

Ta ce, "Mista, wannan hannun ba zai taɓa abincin yarana ba."

Ya ce, "To ki sa mini a baki, 'yan mata."

"Ludayi zan sa maka."

Kafin wani hunturun ya zagayo sun yi aure a cocinmu, suka kama gida mai koriyar baranda a layin da ya fi kusa da gadar.

A layinmu kowa ya san ƙa'idar hunturu tun kafin ya iya ɗaure takalmi. In dusar ƙanƙara ta sauka, kowane gida ya share gabansa, ya bi da gishiri don ya narkar da ƙanƙara. Gaban gida fuskar mai gidan ce. In mutum ya zame a ƙofarka, ba sama ake zagi ba, kai ake zagi, da sunanka da na uwarka. Royce kan share nasu, ya share na tsohuwar da ke kusa, in jikinsa ya yi ɗumi ya wuce har kwanar layi, da gwangwanin kofi cike da gishiri a hammata. Verlene kan tsaya a baranda ta ce masa ba a zaɓe shi magajin gari ba, ya shigo ƙwai na hucewa.

Wata Alhamis ta watan Janairu aka kira shi wani gida a Belmore. Injinsu ya mutu, ga jariri a gidan. Ya gyara, ya fito rana tana nan a sama, sai motarsa ta ƙi tashi saboda sanyi. Ya ɗauki akwatin kayan aikinsa ya kama hanyar gada da ƙafa. A ƙofar wata mashaya wasu fararen fata maza huɗu suka tambaye shi akwatin wa ya sato. Suka kira shi da sunan nan na zagin baƙar fata da ba zan rubuta ba. Ya ci gaba da tafiya. Suka biyo shi. Ya yar da akwatin ya zuba da gudu.

Royce ya iya gudu. Ya haye matakalar Belmore, ya ci tsawon gadar, ya ba su rata. Daga saman matakalar Tanner ana hango barandar gidansa. Saura kaɗan ya taka ƙasar unguwarsa, sai ƙanƙara ta kwashe ƙafarsa. Nan suka same shi.

A kotu lauyansu ya zo da hoton matakalar lulluɓe da ƙanƙara, hoto babba kamar ƙyauren ƙofa. Ya ce yaran nan ba su yi komai ba illa bin wanda suka zaci ɓarawo ne, mutum ya zame ya bugi kai, abin tausayi. Ƙaramin cikin yaran nan yana da mata da 'ya'ya uku. Karyayyun haƙarƙari da sawun takalmi a bayan rigar Royce, duk aka ɗora wa matakala. Wani tsoho ya ga komai ta tagarsa, sai lauya ya tambaye shi yaushe rabonsa da canza tabarau. Mutum goma sha biyun da aka zaunar su yanke hukunci, babu ɗan Tanner ko ɗaya a cikinsu, suka shiga ɗaki suka fito kafin kofinsu ya huce. Ƙanƙara ce ta kashe Royce Tubbs. Ita kuwa ba ta ɗauruwa. Kafin watan Afrilu ta narke ta tafi abinta.

Verlene ba ta yi ihu a kotu ba. Ta ɗauki jakarta, ta kama hannun 'ya'yanta mata biyu, ta hau bas ta sauka ta hau wata, don kada ta bi ta gada. Haka ta yi shekara talatin. In asibiti za ta, zagaye. In kanti za ta, zagaye. Ta san waɗanda suka kashe mijinta, ta san fuskokinsu, har ta san wanda ya buɗe shagon taya daga baya. Amma akwai wani abu kuma da ta sani, wanda sau ɗaya ta taɓa furtawa, ga babbar 'yarta Renita, suna tsinkar ganyen miya: da akwai gishiri a matakalar nan, da ya iso gida. Gishirin gwangwani guda. Ranar ma akwai buhu jingine a bayan ƙofarsu, wanda shi ya sayo da hannunsa.

Sai aka zo wani lokaci da irin wannan kisan ya cika talabijin a wasu garuruwa, birninmu ya tuna ai shi ma yana da nasa tsohon a ajiye. Majalisa ta zauna ta ce a sa wa gadar sunan Royce. Ana gab da bikin aka turo masu fenti suka shafe tsatsar da shuɗi, ba kankarewa, ba komai, kamar mai fesa turare a kan rigar jiya. Fasto Ledbetter ya zo har falo lallashinta.

"Sista Verlene, girmamawa ce. Jikokinki za su ɗaga kai su ga sunan kakansu a sama."

"A sama yake tuntuni, Fasto. Kai ka faɗa ranar jana'iza."

"To ki zo ko don unguwa."

Ta zo don unguwa. A watan Yuni ne, mawaƙan coci suna ta zufa cikin dogayen rigunansu. Magajin gari ya rungume ta ba tare da ya tambaya ba, ya riƙe ta har sai da masu hoto suka ƙoshi. Aka miƙa mata almakashi ta yanke ƙyalle. Aka yaye mayafi daga kan allon tagulla, Renita ta karanta mata a kunne: don tunawa da Royce Tubbs, wanda ya rasa ransa a wannan wuri.

Verlene ta ce, "Ya rasa? Ai ba daga aljihu ya faɗi ba."

Da aka ce ta hau ta ƙetare tare da manyan baƙi, ta ce gwiwarta. Ta tsaya a ƙasa har aka watse.

Abin da majalisa ba ta lissafa ba shi ne bakin mutanen Tanner. Babu mai lokacin faɗin Gadar Tunawa da Royce Tubbs. Cikin mako guda ta koma Royce kawai. Mu haɗu a kan Royce. Karnuka sun ɓata Royce. An fizge jakar wata a ƙarƙashin Royce. Verlene na jin wannan a kanti, a bas, a layin karɓar magani, tana haɗiyewa. Da hunturu ya shigo sai maganar ta sake launi. Royce ya kayar da ni. Royce ya karya wa ƙanwata hannu. Allah ya isa tsakanina da Royce. Mutumin da bai taɓa barin kowa ya zame a layinsa ba, shi ne yanzu ke kwashe ƙafafun tsofaffi.

Verlene ta buga waya. Na birni suka ce gadar ta masu titin jiha ce, tunda a kan titinsu take. Na jiha suka ce masu tafiya da ƙafa na birni ne. Kowa ya ce ta riƙe layi, ya sa mata kiɗa. Ana cikin haka na yi tawa faɗuwar a gabanta.

Washegari da safe aka ga Verlene ta fito tana tura keken cefane na kanti, da buhun gishiri a ciki, da shebur, da wani dogon ƙarfen fasa ƙanƙara na Royce wanda ya shekara talatin a ɗakin ƙasa. Ta tsaya a gindin matakalar. Waɗanda suka gani sun ce ta daɗe a tsaye, har bas ta zo ta wuce, wata ta zo. Sannan ta ɗora ƙafa.

Tana da tsarinta. Daga sama take farawa, tana ja da baya. Shebur tukuna, sai ƙarfe ga inda ƙanƙara ta kama, sai gishiri a gwangwanin kofi, tana watsawa da juya wuyan hannu kamar yadda uwarta ke watsa wa kaji tsaba a Alabama. Ba ta rowarsa. Takan zuba har ka ji yana ƙara a ƙarƙashin takalmi. Tsawon gadar duka take bi. In ta kai saman matakalar Belmore sai ta tsaya daga nan ta riƙa cilla gishirin ƙasa, domin namu ne ke bin ta wurin, amma ba ta taɓa sauka ta can ba.

Unguwa ta ji kunya, ta kuma ji daɗi. Fasto ya ware kusurwa a bayan coci, kowa ya riƙa kawo buhu, irin wanda muke zubawa a ƙofar gida, tunda shi muka sani. Shekarar farko maza suka yi ta fitowa da shebur, har ana rige-rige. Shekara ta biyu aka ragu. Ta uku kowa ya tuna yana da ciwon baya. Masu wucewa dai ba su daina gaisuwa ba.

"Sannu da aiki, Mis Verlene."

"Riƙe ƙarfen gefe. Ban ce ka amince da ni ba."

Wata yarinya mai aikin jinya takan kawo mata kofi. Samari masu saka hula a kife su kan ɗauke mata buhu zuwa sama, ta bi su da faɗan su ɗaga wando. Renita kuwa daga Atlanta ba ta fasa kira ba.

"Mama, kin doshi saba'in. Ga ɗaki a nan, ga rana, ga jikokinki."

"Wa zai zuba?"

"Masu gadar."

"Sunan wa ke jiki?"

"Mama, Baba ba ya cikin ƙarfen nan."

"Na sani. Na san inda na sa shi. Amma in mutum ya karya ƙugu a can, ba magajin gari yake zagi ba."

Hunturu biyar babu wanda ya karya komai a kan gadar. Maganar kayarwa ta mutu a bakin mutane. Yara da suka taso a tsakanin nan ba su ma san an taɓa faɗinta ba.

Da ƙanƙarar hunturu na biyar ta narke, sai wani gutsuren siminti kamar burodi ya ɓalle daga cikin gadar ya faɗo kan wata babbar mota. Ba wanda ya ji ciwo. Amma motar ta kamfani ce, kuma titin na masu zuwa aiki daga bayan gari ne, saboda haka cikin kwana kaɗan gadar da ba ta da mai ita ta samu masu ita har biyu. Injiniyoyi suka zo da riguna masu ƙyalli, suka leƙa, suka ƙwanƙwasa, suka kira taro a ɗakin ƙasa na coci.

Wanda ya yi bayani wani farin saurayi ne mai sanyin murya, ba mugu ba ne, ya ma ci kek ɗin matan coci ya yaba. Ya haska hotuna a bango. Ƙarafan cikin simintin sun kumbura da tsatsa, suna ɓarewa kamar albasa. Ya ce gadar ta tsufa. Ya ce ruwan gishirin da motoci ke fesowa daga titin ƙasa ya daɗe yana cin ta. Ya ce an yi fenti a kan tsatsa a wani lokaci, bai faɗi wane lokaci ba. Sai wani ya tambaya me ya sa abin ya yi sauri haka.

Ya gyara tabarau ya ce, "Mun samu gishiri mai yawa a saman gadar da matakalu. Irin na ƙofar gida. Ba a zuba wannan a kan irin wannan ginin. Yana bin tsagar siminti ya shiga ya ci ƙarfe. Kuma babu ofishin da ya ba da izini."

Kowa a wurin ya taɓa kawo buhu, amma duk kawunan gefe guda suka juya.

Verlene ta miƙe a hankali, tana dafa bayan kujera. Saurayin ya yi murmushi ya ce, "Ke ce Verlene, ko? Na ji labarinki."

"Misis Tubbs."

"Yi haƙuri. Misis Tubbs."

"Tambaya ɗaya gare ni, kuma ba na son ka tausaya mini. Da ban zuba ba, da tana nan?"

Ya duba takardunsa, ya duba Fasto. Ya ce, "Da ta ƙara wasu shekaru."

Ta gyaɗa kai. Ba ta tambaye shi ina suke duk shekarun nan ba, ko da yake rabin ɗakin na jira ta tambaya. Ta zauna ta ɗora jaka a cinya. Fasto ne ya tashi ya yi ta magana a kan fenti da titi da wayoyin da ba a amsa ba, saurayin yana rubutawa. Da aka tambaye shi yaushe za a gina sabuwa, ya ce wannan ba ɓangarensa ba ne.

Da labarin ya fito a talabijin, tsufan gadar bai samu shiga ba, fenti bai samu shiga ba. Gishirin wata mazauniyar unguwa ne ya lalata gadar tunawa. Har da hoton keken cefanenta. A da ƙanƙara ce ta yi kisa, yanzu gishiri. A birninmu ba a taɓa kama mai laifi da ke da hannu da ƙafa ba, sai wannan karon, da aka samu tsohuwa riƙe da gwangwani.

Aka kewaye bakunan gadar biyu da shingen waya, aka rataya gargaɗi. Za a rushe ta in an samu hali. Wasu ma'aikata biyu suka kwance allon tagullar suka kawo mata naɗe cikin bargo, suna tsaye a baranda hula a hannu. Ta ce su jingine shi a bayan ƙofa. Babbansu ya ce an ce ya gaya mata, in aka sake ganinta a kan gadar, shiga wurin da aka hana ne, kuma 'yan sanda ne za su zo. Ta tambaye su ko za su sha ruwa.

Abin da ya fi ci mata rai ba daga Belmore ya zo ba. Masu aikin asibiti yanzu sai sun hau bas biyu, su tashi tun duhu, su makara a rage musu awa. A kanti wata mata da Verlene ta ciyar tun tana 'yar aji ɗaya ta tsaya a bayanta a layi, ta ce wa ƙawarta da muryar da aka yi don a ji, "Wani alherin dai gara a bar mutum da wahalarsa." Verlene ta biya kuɗin madararta ta fita. Kusurwar gishiri ta coci aka mayar da ita wurin ajiye kujeru. Daga nan ta daina zama a layin gaba ranar Lahadi.

Shingen bai yi mako ba wani ya zo da almakashin waya ya buɗe ƙofa daidai tsayin mutum in ya sunkuya. Aka ɗinke, aka sake buɗewa, har masu ɗinkin suka gaji. Duk Tanner ta koma bi ta ramin, masu jinya da masu shara da 'yan makaranta, har da wani direban motar gawa da kwat ɗinsa. A takarda babu mai hawa gadar. Gadar da babu mai hawa kuwa ba ta buƙatar a share ta.

Renita ta zo da kanta a ƙarshen lokacin zafi, ta kwashe shebur da ƙarfe ta kai ɗakin ƙasa, ta sa uwarta ta yi alkawari. Ta sayi tikitin jirgi na farkon Disamba. Verlene ta ce to. Ta fara naɗe kwanukanta cikin tsofaffin jaridu.

A ƙarshen Nuwamba aka yi ruwa, sanyi ya biyo baya ya daskarar da shi. Matakalar Tanner ta wayi gari kamar an zuba mata gilashi. Verlene ta ja kujera gaban taga, inda ake hango matakalar tun daga sama har ƙasa. Ta ga mutane suna saukowa a zaune, suna jan jiki. Ta ga wani dattijo da sanda ya tsaya a sama ya duba, ya juya ya koma inda ya fito. Ta ga wata mai ciki tana saukowa da baya, hannu da gwiwa, jakarta rataye a wuya. Ba wanda ya faɗi ranar. Shayinta ya huce a hannu ba ta kurɓa ba. Ta san abin da gishiri ke yi wa ƙarfe yanzu, an nuna mata a bango. Abin da ƙanƙara ke yi kuwa ba ta buƙaci hoto ba.

Bayan 'yan kwanaki na iso ramin shingen da safe, na tarar da ita a ciki rabi, a waje rabi. Keken cefanen ya ƙi shiga, ta bar shi a gefe. Bokiti na hannunta, wayar shingen ta kama kafaɗar rigar sanyinta, tana ja, wayar tana ƙin saki.

Na ce, "Mis Verlene, ke za ki zama mace ta farko a jihar nan da aka ɗaure don gishiri ya yi yawa a girki."

Ta ci gaba da jan rigarta.

"Ni na zaci kina Atlanta kina shan rana."

"Jirgin ya san hanya. Ya tafi."

"Renita fa?"

"Tana fushi. Tana da ɗaki mai ɗumi da za ta yi fushin a ciki."

Na ce, "To ko yashi ki zuba mana. Yashi ba ya cin ƙarfe."

"Na zuba shekaranjiya. Leƙa ka gani."

Na leƙa. Yashin na nan kwance a ƙarƙashin sabuwar ƙanƙara, tsaf, kamar kayan kallo a kanti.

"In wani gutsuren ya sake faɗowa kan mota fa?"

"Ba na taɓa ɓangaren da ke saman titi. Matakalar nan kaɗai, wadda ƙasa ce a ƙarƙashinta. In ta ruɓe, a kan ciyawa za ta zube."

Na sassauta murya, abin da ba na yawan yi. Na ce, "Mis Verlene, sun cire sunansa. Allon na bayan ƙofarki. Wannan ba gaban gidanki ba ne kuma. Waɗanda kike zubawa dominsu ma sun zage ki a kanti. Ki bar musu abinsu, kowa ya ji da ƙafarsa. In ya so ni da motata muna nan, ba ma yajin aiki."

Sai a lokacin ta juyo ta dube ni, da idon nan na ɗakin girki.

"Purvis Gaither, kai in mutum ya faɗi bai tashi ba, aiki ne ya same ka. Ni na riga na ba ku ɗaya daga matakalar nan, ba zan ƙara muku ba. Ɗaga mini wayar shingen nan, ko ka matsa. Tun kana ɗan firamare bakin nan naka yake tafasa, ban taɓa ganin ya narkar da komai ba."